Ƙullin da Iya Take Yi Mana a Bakin Riga

Ni ne ban yi daidai ba a gardamar akuyar nan. Gara in faɗa tun daga farko, domin na san halina, in na fara ba da labari sai in yi ta kewaye-kewaye har in wanke kaina. Iya ce ta yi daidai. Kuma ni ne na kalli akuyar da idanuna, mako bayan mako, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama gaban talabijin ba.

Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Sunan mijinta aka sa min, don haka ba ta kiran sunana. Maigida take ce min, in kuma na ɓata mata rai ta ce Maigidan banza, wanda bai taɓa kawo cefane ba. Ƙauyenmu yana gefen hanya tsakanin Dayi da Malumfashi, ɗakinta kuma yana can ƙarshen gida, kusa da rumbuna. In an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an tsince auduga, sai ta sa mu kwaso mata busasshen itacen auduga da totuwar masara. Da an ci tuwo ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, yaran gidanmu da na maƙwabta mu kewaye ta. Ba a zama haka kawai. Kowa sai ta tura masa gyaɗa ya ɓare, ko masara ya murje. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce ga baƙuwa a ƙofa, mu ce a shigo da ita. In ta gama ta ce ta sauke ta a nan, mai ƙarfi ya ɗauka.

Ni tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. Ana cikin tatsuniya zan tashi in tura itace, in dawo, in tsokani na kusa da ni, in leƙa hanya ko fitilar wata mota za ta wuce. Duk motar da ta nufi Funtua, zuciyata ta bi ta. Iya takan ce an haife ni da ƙaiƙayi a tafin ƙafa.

Akwai wata 'yar tukunya da take ratayewa a ragaya cikin ɗakinta, can sama kusa da jinka. Soyayyar gyaɗa take zubawa a ciki, wani lokaci da aya. Sai mun jawo turmi mun taka kafin hannu ya kai. Muna sata, tana kama mu, ta yi ta faɗa da murya har gidan maƙwabta a ji. Ta kira mu ɓarayi, ta kira mu gafiyoyi, ta rantse gobe za ta sake wa tukunyar wuri. Gobe kuma tukunya tana nan inda take, a cike. A lokacin ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba.

Ina ajin ƙarshe a firamare, a farkon mulkin farar hula, maƙwabcinmu Malam Bulus ya dawo da talabijin. Direban tarakta ne, yana aiki wajen Funtua, 'ya'yansa kuma tare muke zama a gaban wutar Iya. Babu lantarki a ƙauyen, da batir yake kunna ta. Ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, in hoto ya fara ruwa sai a tura yaro ya juya ta har a ce ya tsaya haka. Bayan la'asar ake buɗe tasha, kuma sau ɗaya a mako abin da ake fara sakawa shi ne wani wasan zane na yara. Katun muka ji ana ce masa.

Wani gajeren mutum ne mai ƙaton hanci, yana da lambun kabeji a bayan ɗakinsa, da wata akuya mai dogon gemu da take zuwa ta cinye. Shi ke nan labarin. Ba ma jin abin da suke faɗa, ba su ma cika magana ba, kiɗa ne ya fi yawa. Mu muka raɗa musu suna, Hanci da Gemu. Kowane mako Hanci zai fito da sabuwar dabara, kowane mako dabarar ta koma kansa. Mu yi ta dariya har wasu su kwanta a ƙasa.

Ranar farko da muka dawo muna ba juna labari, Iya ta kasa kunne, ta tambayi ko mene ne. Ƙanwata Jummai, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, ta yi mata bayani da hannu da ƙafa. Iya ta yanke hukunci cewa wannan tatsuniya ce, tunda dabba tana wayo kamar mutum. Kuma da rana muka ji ta. Kowa ya san wanda ya ji tatsuniya rana tana waje ɓacewa yake yi, ko a daji ko a kasuwa, ya kasa gane hanyar gida. Ƙananan cikinmu suka tsorata. Ta ce kada su damu, akwai magani. Duk ranar kallo, kafin mu tafi, kowa ya biyo ta ƙofarta ta yi masa ƙulli a bakin riga, ta ɗaure tatsuniyar kada ta ja shi. Amma ba a kwana da ƙulli, kuma mai shi ba ya kwancewa da kansa. Sai an dawo gaban wuta an sauke mata labarin duka, sannan ta kwance.

Haka muka yi ta yi. Za ka ga jerin yara sun nufi gidan Malam Bulus, kowa da ƙulli yana lilo a gefen riga, har da 'ya'yansa da talabijin ɗin take cikin gidansu. Da daddare mu kawo wa Iya labari, ita kuma ta auna shi kamar yadda take ɗanɗana miyar surukanta. In bai yi mata ba ta ce ta yau ɗanya ce. In ya yi ta ce ta dahu. In an cika hauka a ciki ta ce ta kama, a sauke.

Makon da Hanci ya kewaye lambu da shinge, Gemu ta cinye igiyar da ya ɗaure shi da ita, shingen ya faɗo masa a ka, Iya ba ta yi dariya ba. Tambaya ta shiga yi. Shuka tana tsaye, akuya tana yawo a sake? Su a garinsu ba a ɗaure awaki sai an gama girbi? Ina mai akuyar? Ba su da mai unguwa ne da za a kai ƙara? Muka ce ba a nuna ba. Ta ce ɗanya ce.

Makon da ya saka akuyar a bayan mota ya kai ta can nesa ya yar, ya dawo yana fito, ya buɗe ƙofa ya tarar da ita zaune a kujerarsa tana taunar hularsa, wannan ta dahu. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta sa Jummai ta sake kwaikwayon fuskar mutumin. Ta ce ta taɓa sanin akuya mai irin wannan hali a Gozaki, an sayar da ita ta riga mai ita dawowa gida.

Makon da ya sa kayan kura don ya tsorata akuyar, ƙudan zuma suka bi shi, ta ce ta kama. Makon kuma da motar daɓen hanya ta bi ta kansa ya zama kamar tabarma, ya tashi ya hura kansa da famfon keke, mu a wurinmu ya fi kowanne daɗi. Ita a nan ne ta tsaya. Ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa, ta dube ni, domin ni ne babba, ni nake ba da labarin a wannan dare.

"Maigida, mota ta taka mutum, ko maƙwabci ɗaya bai zo ya ce masa sannu ba?"

Na ce babu kowa. Ta tambayi mata, na ce babu. 'Ya'ya, babu. Ta ce a duk waɗanda muka kawo mata, akwai inda wani ya taɓa yi masa sallama a ƙofa? Muka duba, babu.

"To, ba korar akuyar nan yake yi ba. Don ita yake shuka."

Abin ya ba ni haushi, har yau ban san dalilin da ya sa ya ba ni haushi haka ba. Wataƙila don ina ganin talabijin tamu ce, ta 'yan makaranta, ga tsohuwa tana neman ta jawo ta gaban murhunta. Na ce mata zane ne kawai, wani ne ya zana don a yi dariya, babu komai a cikinsa. Hanci wawa ne, Gemu mai wayo ce, magana ta ƙare. Na ce ita da ba ta taɓa gani ba, ina ta san abin da ke zuciyar mutumin. Ta ce ita da ba ta gani ba ta fi ni jin tausayinsa. Yara suka yi min dariya. Sai ta gyara zama ta ce ga baƙuwa a ƙofa. Kowa ya amsa, ban da ni.

Ta ce wani tsoho ne yake zaune shi kaɗai a bakin daji, yana da gonar wake. Akwai wani biri da yake zuwa yana yi masa ɓarna. Tun asuba tsohon yake fita yana jifa, yana zagi, yana tsinuwa, har mafarauta suna gane hanya da muryarsa. Ya haƙa rami, biri ya tsallake. Ya kafa tarko, tarko ya kama ƙafarsa. Ran nan wani maharbi ya ji tausayinsa ya harbe birin. A shekarar wake ya cika rumbu har ya rasa inda zai zuba. Tsoho ya zauna, ba wanda zai jefa, ba wanda zai zaga. Kwana ya bi kwana bai buɗe baki ba. Can sai danginsa suka zo daga gari nemansa, suka tsaya a bayan danga suka yi sallama. Ya buɗe baki zai amsa, iska kawai ta fito, murya ta toshe. Suka sake sallama, shiru. Suka ce ai gidan ya zama kango, suka juya suka tafi, yana jin takunsu.

A nan na miƙe na kakkaɓe rigata na bar wurin, da ƙullina ba a kwance ba. Jummai ce ta ƙarasa min da safe a hanyar rijiya, ba don na tambaya ba. Wai tsohon ya je ya ɓalle dangarsa da hannunsa, ya tara duwatsun jifa a gabansa ya zauna yana jira. Da wani ɗan biri ya leƙo ya kai hannu kan wake, tsoho ya yunƙura, ashar ta fito, murya ta dawo. Na ce mata shirme ne na yara.

A ranar na kwance ƙullina da kaina, na taka har kasuwar Dayi na dawo, don in nuna ban ɓace ba. Da ranar kallo ta zagayo, na tare yaran a bayan dangar Malam Bulus na ba su labarin. Na ce Iya wayo take yi mana don mu riƙa ɓare mata gyaɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa. Jummai ta riƙe bakin rigarta da hannu biyu tana kuka, na ɓamɓare yatsunta.

Ba wanda ya ɓace. Da suka ga haka, sai saurin komawa wurin Iya ya ƙare. In an gama katun akwai wasan kwaikwayo, bayansa akwai kiɗa, a zauna har batir ya yi sanyi hoto ya tsuke. Malam Bulus ya taɓa kashe talabijin ya ce mu tashi, tsohuwa tana jiranmu, ya kuma harare ni don ya ji abin da na yi. Muka tashi, amma dandali muka nufa. Sannu a hankali har ranakun da ba a kallo ma aka daina zuwa wurinta. Iya ba ta kai ƙarata wurin babana ba, ba ta ce min komai ba. In na wuce sai ta ce Maigida, an yini lafiya. Nakan hango wutarta daga nesa, ita da Jummai, daga baya da aka kai Jummai makarantar kwana a Malumfashi, ita kaɗai. Ban tsaya ba. Hankalina yana kan hanya.

Na tafi Funtua kamar yadda na daɗe ina so. Na yi yaron mota, na bari. Na yi dako a wajen awon auduga, na bari. Na ƙare a shagon wani mai gyaran rediyo da cajin batir, nan ma kullum ina shirin bari. Akwai wani dattijo da yake kawo rediyonsa duk ranar kasuwa, ya ce tana shaƙewa, ya ce mun cuce shi, ya zauna a benci ya yi ta yi mana faɗa har azahar. Na buɗe rediyon nan ban san iyaka ba, lafiyarta ƙalau. Ran nan na gaji na ce wa maigidana zan gaya wa tsohon gaskiya, ya daina ɓata mana lokaci. Maigidana bai ko ɗago kai ba. Ya ce in buɗe, in hure ƙura, in rufe, in bar shi ya yi faɗansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kaduna, in na gyara masa rediyo gaba ɗaya wurin wa zai je ranar kasuwa.

Sukuddireba tana hannuna na tuna Hanci da lambunsa. Ban ji daɗin tunawar ba. Na yi ta neman hanyar da zan ce ba abu ɗaya ba ne, na kasa.

Yanzu da nake da jikoki, suna kallon irin waɗannan zane-zane a waya, masu launi, masu magana, nakan kira su in ce su ba ni labarin abin da suka gani. In ce wannan ɗanya ce, su yi ta musu da ni, su ce ai ban kalla ba. Ina sane nake jan musun. Har yau ban san ko wanda ya zana Hanci ya yi nufin abin da Iya ta gani ba. Mai yiwuwa dariya kawai ya so a yi, kamar yadda na ce. Amma na gane ba a kan zane muka yi gardama ba a wannan dare. Tana gaya min wani abu ne game da kanta, ta hanyar da babba yake iya gaya wa yaro ba tare da ya roƙe shi ba, ni kuma na tsaya ina kare talabijin.

Ba a daɗe da maganar dattijon nan ba babana ya aiko direba ya gaya min in zo in ga Iya, ta rage magana, wai tsufa ne. Na iso da yamma. Gidan ya cika da ƙananan yara, 'ya'yan yayyena, waɗanda ban ma san sunayen wasunsu ba, duk suna shirin tafiya kallo. Ƙofar Iya a share take, ga itacen auduga an tara a gefe, ba toka. Na yi sallama. Tana kwance ta fuskanci bango, ta ɗaga hannu kawai.

Da idona ya saba da duhun ɗakin na ga ragayar. An ƙara mata igiya, an sake ƙarawa, ƙulli a kan ƙulli, har tukunyar ta sauko daidai inda yaro mai tatata zai kai hannu ba tare da ya taka komai ba. Na ɗaga murfin a hankali. A cike take. Na kai ɗaya baki, sabuwar suya ce, ba ta ko sha iska ba.

 Sannan na fita na jawo turmi, ina kara shi da ƙasa yadda kowa zai ji, na shigo da shi har gindin ragaya duk da ba na bukatarsa. Na saki murfin ya faɗi ya yi ƙara. Na cusa hannu na damƙo gyaɗa ina tauna da ƙarfi.

Ta juyo. Ta buɗe baki, da farko iska ce ta fito. Ta yi gyaran murya, ta dafa gado ta tashi zaune.

"Wane ɓarawon ne? Gafiya. Ƙato da kai, da gemunka, ka zo ka ƙarar min da gyaɗa. Maigidan banza, me ka kawo min daga Funtuwar?"

Muryar a dishe take, amma ta kai tsakar gida. Sai ga kawuna a bakin ƙofa, yaran nan sun fasa fita, sun zo ganin wanda Iya take zagi, domin ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba. Wata 'yar ƙarama ta zura ido kan tukunyar. Na miƙa mata gyaɗar hannuna, Iya ta ce ita ma ɓarauniya ce, ta gan ta. Yarinyar ta yi dariya ta matso, sauran suka biyo ta.

Na durƙusa a gaban gadon, a gaban yaran duka, na kamo bakin rigata na miƙa mata.

"Iya, maganar akuyar nan, ke ce da gaskiya, don ita yake shuka. Ni ne na kwance wa yara ƙulli, ni na raba ki da su. Ki yafe min. Ga rigata, ki ɗaure, akwai labari da yawa da ban sauke miki ba."